Yaɓe, Daɓe da Jere: Tarihin Cikin Ɗaki a Damargu

A Damargu ba a gina gida a gama shi lokaci ɗaya. Magidanci kan fara ne da ɗaki guda da danga, daga nan ɗakuna su riƙa ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar iyali. Ɗa ya isa aure, ko maigida ya ƙara mata, ko ɗiya ta dawo zawarci, ko tsohuwa ta baro ƙauyenta ta dawo hannun ɗanta, kowanne daga cikinsu ɗaki yake nema. Galibin irin wannan ƙari masu gidan ne ke yin abinsu da hannunsu tare da dangi da maƙwabta, ba a kiran magini sai inda aiki ya gagara. Tada bango da ɗora rufi kuwa ba su ne ƙarshen aiki ba. Muddin ba a yi yaɓe da daɓe ba, ba a yi shafe an jera kaya ba, abin da ke tsaye kango ne, kuma ba a kai amarya kango. Wannan aiki na ciki yana da nasa tarihin, wanda ya bi sawun itace da ruwa da hanyoyin fatauci na ƙasar.

Damargu ita ce ƙasar da ke tsakanin Damagaram da Abzin. A tsarin mulki na yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram. Garin Tanut yana kan hanyar Agadas, wajen kilomita 150 arewa da birnin Zinder, Belbeji kuwa a 2011 aka yanke ta daga Tanut ta zama gunduma. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 300 ba, sau da yawa ma ba ya kaiwa, shi ya sa iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata ta ratsa ta wannan yanki. Duk da haka ƙasar gero ce, da hatsinta mutanen Abzin suka daɗe suna rayuwa. Mazaunanta sun haɗa da Dagira, waɗanda reshe ne na Barebari, da Hausawa, da Abzinawa, da Fulani, kuma kowace al'umma da irin fahimtarta game da wanda ya mallaki ɗaki.

A wajen Hausawa harshe ma ya raba gardama. Namiji shi ne maigida, matarsa kuwa mai ɗaki. Ƴaƴan da suka haɗa uwa ana ce musu ƴan ɗaki ɗaya. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora wa miji samar wa kowace mata wurin zamanta, don haka bango da rufi da ƙyaure nauyinsa ne, abin da ke ciki kuwa, daga gado har zuwa ludayi, na matar ne da danginta. Abzinawa sun wuce nan. A wurinsu tantin kansa, wanda suke kira ehan, dukiyar mace ce, uwarta da ƴan uwanta mata ke haɗa mata shi, idan aure ya mutu ta naɗe abinta ta bar miji a fili. Woɗaaɓe ma haka suke, suudu na mace ne. Saboda zaman tare na shekaru aru-aru, wannan ra'ayi cewa cikin ɗaki hurumin mace ne ya yi ƙarfi a Damargu ƙwarai.

Bayani mafi daɗewa da aka saba kafa hujja da shi game da gidajen yankin shi ne na Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Damargu daga Abzin a watan Janairun 1851 tare da James Richardson da Adolf Overweg. A nan ne, kusa da Tagelel, Richardson ya rabu da sauran biyun ya nufi Zinder, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Abin da Barth ya gani ɗakuna ne na kara zalla, ba abin da ke riƙe da su sai ƴan rassan tumfafiya. Ya lura ba su kai bukkokin Abzin ƙwari ba, amma sun fi su tsabta, domin karan yana da yawa, sabunta shi ba wuya. Ya kuma ga rumbuna an ɗaga su daga ƙasa saboda ɓera da gara.

Gyaran cikin irin wannan ɗaki aikin yini ɗaya ne ko biyu. Ana share ƙasa a tsince ƙaya, a ɗebo rairayi mai laushi a tankaɗe a malala, idan ya yi dauɗa a kwashe a zuba sabo. Daga ciki ana kewaye karan da zana ko tabarmar kaba don tare iskar hunturu da ƙura. Gadon kara ne a gefe ɗaya, an ɗora shi a kan ƴan sanduna masu gwafa, ƙoren nono da na fura kuma suna rataye a ragaya inda yaro da akuya ba sa kaiwa. Ba talauci kaɗai ya sa aka daɗe a kan wannan tsari ba. Manoman Damargu na ƙarni na 19 suna zaune ne ƙarƙashin inuwar manyan Abzinawa irin su Kel Owe da Imuzurag, suna ba su gero a matsayin kuɗin tsaro, hari kuma bai yanke ba. Ƙauyen da rijiyarsa ta ƙafe ko mahara suka matsa masa tashi yake yi. Mutumin da bai tabbata zai yi damina biyu a wuri ɗaya ba, ba zai ɓata ruwan da ya jawo da jiɓin goshi wajen kwaɓa ƙasa ba.

Ginin ƙasa daga kudu ya hauro. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta yi ganuwa da soraye masu bakan gizo da zane, ayarin Tarabulus da Gadamas kuma yana bi ta Abzin da Damargu zuwa Zinder da Kano, ɗauke da gashin jimina da ƙirgi a hanyar komawa. Garuruwan zango irin su Jajiduna su suka fara buƙatar ɗakin da wuta ba ta cinyewa, domin fatake ba sa ajiye haja a ɗakin kara. Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka kafa sansani a Jajiduna, daga baya mazaunin mulki ya koma Tanut. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya fataucin hamada, sannan yaƙin 1916 zuwa 1917 na Kawsan, jagoran Abzinawa wanda shi kansa haifaffen Damargu ne, ya ƙare da karya ƙarfin Abzinawa. Bayan haka manoma suka bazu suna saran sababbin gonaki, baƙi daga kudu suka yi ta shigowa, ƙauyuka suka zauna wuri ɗaya. Sai ginin ƙasa ya fara sauka daga gidan sarki da na attajiri zuwa na talaka, da farko kago mai zagayayyen bango da jinka a kai, daga baya ɗaki mai kusurwa huɗu, sannan soro. Canjin bai zo da sauri ba, har yau ma a gida ɗaya ana iya ganin soro da kago da bukka suna kallon juna.

Lokacin ƙarin ɗaki ruwa ne ke yanke shi. Rijiyoyin Damargu masu zurfi ne, da yawa sun wuce mita 50, da sa ko raƙumi ko jaki ake jan guga, saboda haka ba kowa ke iya gini da ruwan rijiya ba. Abin dogaro shi ne tabkunan da damina ta bari. Da an gama girbi sai samari su sauka bakin tabki su haƙa laka, su tattaka ta da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, su buga tubali. Na da, da hannu ake mulmula shi, ƙasa faɗi sama tsini, daga baya aka koma na akwatin katako mai kusurwa huɗu, wanda ya fi saurin jeruwa kuma ko wanda ba magini ba yana iya ɗora shi ya miƙe. Duk wanda ya yi sanyin jiki har tabki ya ƙafe a tsakiyar ɗari, ko dai ya sayi ruwa a amalanke ko ya bar kangonsa sai baɗi. Wannan ne ya sa ake yawan ganin ɗakin da aka rufa bana ba a yaɓe shi ba sai wata shekara.

Faɗin ɗaki kuwa itace ne ke yanke shi. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ce gatan maginan Kano da Zariya, amma ko ita ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce wajen mita 2, sai an taimaka mata da tauyi ko ginshiƙi ko baka. A Damargu giginya ba ta fitowa, sai an sayo daga kudu da tsada, goruba ma ta fi yawa ne a wajen Gulbin Kaba. Abin da ke kusa shi ne aduwa da ƙandili da magarya da dashi, gajeru kuma karkatattu. Don haka ɗakin soro na ƙauye ya kan fito siriri mai tsawo, ko kuwa a kafa masa gwafa a tsakiya. A kan manyan itatuwan ake jera sandunan tumfafiya ko sabara, a shimfiɗa zana, a bi da ciyawa, sannan a zuba ƙasa. Ɗora itacen da ɗaga jinka aikin gayya ne, daga nan ma karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ta samo tushe. Wanda ke kwance a ciki wannan jerin sanduna yake kallo. A gidajen masu hali na Birnin Zinder ana jera azara a karkace ta ba da zane mai ban sha'awa, a ƙauye kuwa abin da ake nema shi ne kada ƙasa ta riƙa zubo wa mutane, shi ya sa mata ke ɗaure zane ko tabarma a saman gado.

Yaɓen ciki sau biyu ake yin sa idan ana son ya daɗe. Na farko mai kauri ne, laka da yashi da ƙaiƙayin gero, wasu su ƙara kashin shanu ko na jaki, a bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku har ya ruɓa ya yi danƙo. Ana yayyafa wa bango ruwa, a riƙa jifansa da curi ana bi da tafin hannu, a cike duk ramukan da ke tsakanin tubali, domin a nan kunama da kyankyaso ke samun mafaka. Idan lakar ta yi yawa bangon zai tsattsage yana bushewa, idan yashi ya yi yawa zai riƙa zuba da an jingina, gane daidai ɗin kuwa a hannu yake, ba a ma'auni ba. Na biyu siriri ne, da tankaɗaɗɗiyar ƙasa ko ƙasar suri, kuma galibi mata ke yin sa, suna goge shi da tsumma ko santsin dutse. Sawun yatsu da ake gani a tsofaffin bangaye, layi-layi kamar kunya a gona, sau da yawa da gangan aka bar shi.

Daɓe shi ne aikin da ya fi kowanne suna, domin ya haifar da nasa rukunin waƙoƙi. Ana daidaita ƙasan ɗaki, a zuba birji ko tsakuwa gauraye da jar ƙasa, a jiƙa ta kwana. Washegari matan unguwa su taru, kowace da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin ciki da mariƙi, su durƙusa a jere su riƙa bugu tare, daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya zuwa ƙofa. Bugun shi ne kiɗan. Wata ta bayar da waƙa saura su amsa, a yabi amarya da danginta, a yi wa ango da uwar miji ba'a, a saki habaicin da ba a iya faɗa a tsakar gida. Mai aiki ba ta biyan kowa kuɗi, nata shi ne fura da goro da tuwo, da kuma sanin cewa ran da aka kira ta daɓen wata dole ta je. Ana maimaita bugun kwana biyu ko uku, duk lokacin da ƙasa ta fara tsagewa a yayyafa ruwa a sake bi, har sai madaɓi ya daina barin sawu.

Sirrin ƙarfin daɓe yana cikin ruwan da ake yayyafawa. A ƙasar Kano da Zazzau makuba ake amfani da ita, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa ƙasa ta yi ja-ja-baƙi ta yi ƙyalli, ruwa kuma ba ya saurin shigarta. Ɗorawa ba itaciyar Damargu ba ce, ruwan yankin bai ishe ta ba. Abin da ya maye gurbinta shi ne bagaruwa, wadda ke fitowa a bakin tabkuna da fadamu, wadda kuma majema suka riga suka san aikinta. Ana daka ƴaƴanta a jiƙa, ruwan ya yi baƙi, a yi ta shafawa ana gogewa. Sinadarin da ke jeme fata shi ne ke ɗaure ƙwayoyin laka. Daɓen da aka yi da kyau yana shekaru ana share shi ana yayyafa masa ruwa bai fashe ba, yana da sanyi da bazara, ba ya kuma ɗaukar sanyin da siminti ke ɗauka da hunturu. Inda birji ya yi nisa, musamman a ƙauyukan tudun yashi, mata da yawa sun ci gaba da malala rairayi ko a cikin ɗakin ƙasa, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin kasawa.

Bayan daɓe sai shafe. Farar ƙasa ake jiƙawa a shafa da tsintsiya ko tsumma, wasu su ɗiga shuni don farin ya yi haske, a bi gindin bango da jar ƙasa ko baƙi, tsayin kamu biyu ko uku, inda hannun yara da ƙafar gado ke ɓatawa. Zanen da aka san Zinder da shi, irin su dagi da takobi da sauran siffofi da ake ƙwaƙulewa a ɗanyen yaɓe a cika da launi, aikin gwanaye ne kuma fuskar gida aka fi yi wa shi. Na cikin ɗakin ƙauye bai kai nan ba, ƴan layuka ne da ɗigo-ɗigo da mata ke yi da yatsa a kewayen ƙofa. Tun ana gini ake barin alkuki a bango don fitilar aci-balbal, a soke turaku na rataya, wani lokaci a gina dakali ko gadon ƙasa a ƙurya. Taga kuwa ƴar ƙarama ce a can sama, ko babu ita sam. Baƙo kan ga duhun ya ɗauka rashin dabara ne, alhali a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, iskar ɗari kuma ke tafe da ƙura, ƙaramar taga ita ce dabarar.

Jere shi ne cikon aiki, kuma a nan ne canjin zamani ya fi fitowa fili. Ranar jere dangin amarya mata ke zuwa da kaya, su rufe ƙofa su shirya ɗakin, ango ba ya da ta cewa. A da dukiyar ƙwarya ce, fara tas ko mai zanen wuta, an jera babba a ƙasa ƙarama a sama, da faya-fayi masu launi a manne a bango, da akusa, da tasoshin tagulla ga mai hali. Matan Woɗaaɓe har yanzu suna riƙe da wannan tsari a kan saga, teburin da suke jera ƙorensu, da kaakol, ƙunshin ƙoren ado da ba a cin abinci a ciki. A ɗakin Ba'abziniya kuwa abin alfahari gado ne mai sassaƙaƙƙun ƙafafu, da jakunkunan fata masu tuntaye, da doguwar tabarmar da ake saƙawa da ciyawar afazo da zaren fata a kewaye gado da ita.

Kwanon sha mai fenti ya shigo ta hannun kamfanonin Turawa tun zamanin mulkin mallaka, amma bai zama na kowa ba sai da ƴan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Legas da Kano daga wajen 1960. Daga Kano yake bi ta Matamaye da Magarya zuwa Zinder, daga can ya watsu a kasuwannin mako na Damargu. Langa da kwalla da fanteka da samira suka hau bango, aka riƙa gina su hasumiya-hasumiya har kusa da rufi, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori na kara. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki ba ado ne kawai ba, ajiya ce ta mace, kuma shaida ce ta yawan mutanen da ke bayanta, tun da da gudummawar biki ake tara su. Wannan bayani ya dace da Damargu. A shekarun yunwa, irin su 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985, da 2005, bayan dabbobi kwanonin jere na cikin abin da ke fita kasuwa, bangon da ya yi fayau kuma kowa ya san abin da yake nufi. Daga baya kabad mai gilashi ya zo, kwano ya koma ciki, tangaran da kuloli na Sin suka karɓi gaba. Kuɗinsu na fitowa ne daga akuyar uwa, da adashi, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991.

Farin waɗancan shekarun yunwa ya taɓa rufi fiye da komai. Itatuwa sun mutu da yawa, saran ɗanyen ice ya zama laifin da jami'an gandun daji ke cin tara a kansa, itacen rufi ya yi tsada. A lokaci guda samari suka ƙara yawan tafiya cin rani, wasu Najeriya, wasu ma'adinan Arlit, wasu Libiya da Aljeriya, suna dawowa da kuɗin kwanon rufi, wanda a Nijar aka fi sani da tol. Kwano ya raba mutane da yaɓen rufi na kowace shekara da fargabar soro ya rufto cikin dare, ya kuma ba da damar faɗaɗa ɗaki yadda zai ɗauki gado da kabad da kujeru. Sai dai ya zo da nasa. Da rana ɗakin kan zama tanda, da hunturu ya yi sanyi ƙarara, da damina kuma ba a jin magana. Daga nan aka sami sabon aiki a cikin ɗaki da kakanni ba su sani ba, wato silin. Mai hali ya sa falanki, marar hali ya ɗinke buhunan hatsi ko ya shimfiɗa tabarmi ko yadi a ƙarƙashin kwanon. Wasu kuma suka haɗa biyun, suka yi rufin ƙasa a kan ƙarfe da kwano, don su sami sanyin soro ba tare da itace ba.

An gwada wata hanyar. Tun 1980, a Cikal ta yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba katako, inda ake rufa ɗaki da tubali kaɗai ta hanyar ƙubba da baka, dabarar da ta samo asali daga Nubiya ta bakin kogin Nilu. An ci gaba da ita a Iferwan da wasu sassan Nijar. Cikin irin wannan ɗaki yana da tsawo da sanyi, gara kuma ba ta da abin ci. Amma aiki ne na wanda aka horar, kuskure kaɗan a gindin ƙubba na iya kada ta, don haka bai zama abin da magidanci zai yi da ƙannensa bayan girbi ba.

Siminti ne ya kashe daɓe. Nijar tana da masana'antarsa a Malbaza tun shekarun 1960, amma Damargu ta fi kusa da kasuwannin arewacin Najeriya, saboda haka farashin buhu a Tanut yana hawa da sauka tare da darajar naira da halin da iyaka ke ciki. Rufe iyakar 1984 zuwa 1986, da karya darajar sefa a Janairun 1994, da rufewar 2019 zuwa 2020, da takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023, kowanne ya bar ɗakuna da yawa a tsaye ba a gama ba. Kwaltar Zinder zuwa Agadas da matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 a Bakin Birji, cikin ƙaramar hukumar Olelewa, sun ƙara kawo motoci da albashi da magina masu aikin siminti. Buhu biyu ko uku sun isa ƙasan ƙaramin ɗaki, magini ɗaya da yaronsa su gama a yini. Amfaninsa a fili yake, ana wanke shi, ba ya tara ƙuma, yaro mai rarrafe ba ya cin ƙasa. A jihar Kowawila ta Meziko, inda gwamnati ta fara sumunce ƙasan ɗakunan talakawa a 2000, bincike ya nuna tsutsar ciki da gudawa sun ragu sosai a tsakanin yara. Abin da ya tafi shi ne taron. Aikin da mata goma sha ke yi da waƙa a kan fura da goro ya koma na namiji ɗaya da ake biya, kuɗin kuma daga aljihun ango.

A bango kuwa siminti bai yi nasarar da ya yi a ƙasa ba. Laka da siminti ba sa shan zafi da laima iri ɗaya, don haka filastar da aka yi a kan tubalin ƙasa kan saki, ta yi ƙoƙo, idan an ƙwanƙwasa a ji ta kamar ganga, gara da laima kuma su yi ta aiki a bayanta ba wanda ya gani. Magina kan kafa ƙusoshi ko tsakuwa ko ragar waya a bangon don filastar ta sami abin kamawa, su shafa wa itacen rufi baƙin mai saboda gara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa da yawa daga masu gyara da kansu sukan sumunce gindin bango kawai da kewayen ƙofa, su bar sama da yaɓen ƙasa da za a iya sabuntawa da hannu. Daminar 2024, wadda ta kada dubban gidaje a Nijar har da tsohon masallacin Birnin Zinder a watan Satumba, ta sa gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na shekarar.

Ɗakin amarya na yau a Tanut ko Gangara ko Belbeji ya tara zamani da yawa a wuri ɗaya. Bangon na tubalin bakin tabki ne da ango da abokansa suka buga, amma da wuya a ga yaɓen, domin an lulluɓe shi da labule daga sama har ƙasa. A kan siminti an shimfiɗa leda ko kafet da ɗan cin rani ya kawo daga Libiya. Ƙusoshi huɗu da igiya na gidan sauro sun zama ka'ida tun rabon da aka yi a faɗin ƙasa a ƙarshen 2005. Alkuki, inda aka bar shi, waya ake ajiyewa a ciki tana caji daga ɗan faifan hasken rana da ke kan rufi. Rabon nauyi dai bai canja ba, gini na miji, jere na dangin mata, sai dai abin da mata ke kawowa da ƙarfin hannu a da yanzu da kuɗi ake sayo shi. Madaɓi ya rage a hannun tsofaffi a ƙauyukan da mota ba ta cika zuwa ba. A rugagen makiyaya na Tenhiya da arewacin Tarka kuwa har yau amarya da ɗakinta take zuwa, a naɗe a bayan raƙumi ko jaki.